An San Fuska, Ba A Riƙe Suna Ba: Rayuwa Da Aikin Pete Postlethwaite

A duk al'ummar da wasan kwaikwayo ya kafu a cikinta, akan sami wasu 'yan wasa waɗanda 'yan kallo kan gane fuskarsu da zarar sun ɓullo, amma in aka ce a faɗi sunansu sai a shiga susar ƙeya. Ba hotonsu ake bugawa a jikin fasta ba, ba kuma su ne ke auren jaruma a ƙarshen fim ba. Su ne ke fitowa a matsayin uba, ko alƙali, ko saje, ko limamin coci, ko yaron mugu. Turawan Ingila suna da suna na musamman da suke kiran irin wannan ɗan wasa da shi, wanda in za a kawo ma'anarsa cikin Hausa sai a ce "mai ɗaukar hali", wato mutumin da sana'arsa ita ce ya tuɓe halinsa ya sanya na wani, yau wannan gobe wancan. Bambancinsa da tauraro a fili yake. Tauraro kansa yake sayarwa, duk fim ɗin da ya shiga shi ɗin dai ake zuwa gani. Mai ɗaukar hali kuwa, iyakar gwanintarsa ita ce a manta da shi, a tuna da mutumin da ya kwaikwaya. Ƙasar Birtaniya ta yi arzikin irin waɗannan mutane, kuma a cikin waɗanda suka yi tashe a ƙarshen ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya sha gaban Pete Postlethwaite.

Tun daga sunan nasa aka fara samun matsala. Haruffa 13 ne a rubuce, amma gaɓa uku ce kawai a baki, domin ana furta shi kusan kamar "Fosul-tuwait", harafin "t" na farko ba ya fitowa. Suna ne na mutanen arewa maso yammacin Ingila, kuma ɓangarensa na ƙarshe ya samo asali ne daga harshen mutanen Sikandinebiya na da, waɗanda suka zauna a wannan yanki fiye da shekara dubu da suka wuce. Ma'anarsa fili da aka sare aka mayar gona. Saboda haka duk Baturen da ya ji sunan ya san mai shi ɗan arewa ne, kuma bisa ga dukkan alamu ɗan talakawa. Da ya fara sana'ar wasa an ba shi shawarar ya sake suna, har aka yi masa ba'a cewa babu gidan wasan da zai iya biyan kuɗin wutar da za a kunna a rubuta wannan dogon suna a bakin ƙofa. Ya ƙi. Abin da kawai ya rage daga baya shi ne sunan yanka, daga Peter ya koma Pete.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1946, a Warrington, wani garin masana'antu da ke bakin kogin Mersey, tsakanin Liverpool da Manchester. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu na wani gida na 'yan ɗarikar Katolika. Mahaifinsa mai haɗa gangunan katako ne, daga baya ya yi aikin kula da ginin makaranta. A lokacin ƙuruciya Pete ya yi tunanin zama limamin coci, amma abin bai ɗore ba. Abin da ya karanta shi ne aikin malanta, a kwalejin horar da malamai ta St Mary's da ke Strawberry Hill a yammacin Landan, inda ya haɗa darasin motsa jiki da na wasan kwaikwayo. Ya kuma koyar na ɗan lokaci a makarantar Loreto a Manchester. Sai da ya kai shekara 24, a 1970, sannan ya ajiye alli ya shiga makarantar koyon wasa ta Bristol Old Vic. Ga yaron da ya fito daga irin gidansu, barin aikin albashi mai fansho a kama wasan kwaikwayo ba ƙaramar kasada ba ce, domin sana'a ce da yawancin masu yinta a Ingila kan fi daɗewa suna jiran aiki fiye da yin aikin.

Bayan suna sai fuska. Allah Ya yi shi da ƙasusuwan kunci masu tudu ƙwarai, da kumatu a lotse, da idanu masu haske da ke can ciki, ga fatar fuska kamar ta wanda ya daɗe yana aiki a rana da sanyi. An ruwaito cewa shugaban makarantar Bristol ya kwatanta fuskar da bakan ƙofar da aka gina da dutse. Tun yana saurayi fuskar dattijo gare shi. Wannan ya rufe masa ƙofar fitowa a matsayin jarumin soyayya, shi ma ya san haka. Sai dai kamar yadda masu iya magana kan ce, wani hani ga Allah baiwa ne: fuskar da ta hana shi zama tauraro ita ce ta sa duk daraktan da ke neman mutumin da rayuwa ta gasa, ko mugun da za a ji tsoro tun kafin ya buɗe baki, ya san inda zai nufa.

Amma kafin daraktocin fim su farga, sai da ya shafe kusan shekara 20 a kan dandamali. A tsakiyar shekarun 1970 yana gidan wasa na Everyman a Liverpool, tare da wasu matasa da daga baya duk suka yi suna, kamar Julie Walters da Bill Nighy da Jonathan Pryce da Antony Sher. Gidan wasa ne na talakawan gari, wanda ya fi mayar da hankali ga wasannin da ke magana a kan rayuwar ma'aikata, cikin karin harshensu. Wannan batu na karin harshe yana da muhimmanci, domin a Ingila furuci yana tona asirin matsayin mutum fiye da tufafinsa. An daɗe ana ɗaukar cewa ɗan wasan kirki shi ne wanda ya goge karin garinsu ya koma furucin masu ilimi na kudu, irin wanda aka saba ji a gidan rediyon BBC. Tsararsu Postlethwaite suna cikin waɗanda suka karya wannan. Ya iya furucin manya in wasa ya buƙata, ya kuma yi wasannin Shakespeare a kamfanin Royal Shakespeare, amma bai taɓa jin kunyar bakin mutanen Lancashire ba. A fim kuwa, ƙananan fitowa kawai yake samu; alal misali a The Duellists na 1977, fim ɗin farko na Ridley Scott, aikinsa shi ne ya yi wa wani janar aski.

Wanda ke son ya fahimci abin da ake nufi da ɗaukar hali, to ya jera fina-finai uku da Postlethwaite ya fito a matsayin uba, a cikin shekara takwas. Dukkan iyayen uku talakawa ne, dukkansu ciwo na cinsu, fuska kuma ɗaya ce, amma babu wanda zai kalle su ya ce mutum ɗaya ne.

Na farko shi ne Distant Voices, Still Lives na 1988, wanda Terence Davies ya shirya a kan tarihin gidansu a Liverpool cikin shekarun 1940 da 1950. Uban da ke cikin wannan fim azzalumi ne. Yana dukan matarsa, yana dukan 'yarsa da sandar tsintsiya tana durƙushe tana goge daɓe, yana fizge ƙyallen tebur da abinci a kai ranar Kirsimeti. Da a ce iyakar abin ke nan, da ɗan wasa na biyu ko na uku ma zai iya. Abin da ya sa wasan ya zauna a zukata shi ne wuraren da mutumin ke yin laushi: daren jajiberin Kirsimeti ya laɓaɓa ɗakin yara suna barci ya sa musu albarka a hankali, ko kuma a gan shi yana goge doki yana rera waƙa, 'ya'yansa na leƙensa daga ɓoye. Postlethwaite bai nemi a tausaya wa mutumin ba, bai kuma mayar da shi dodo ba. Ya bar shi yadda irin waɗannan iyaye suke a zahiri, wato yara ba su san da wace fuska zai shigo gida ba, kuma wannan rashin sanin ya fi dukan kansa ciwo. Fim ɗin ya sami yabon masu sharhi a bikin Cannes, kuma daga nan masu shirya fim suka fara tambayar wane ne wannan.

Na biyu shi ne ya fitar da shi duniya, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe, domin mutumin da ya kwaikwaya ba ƙagagge ba ne. Ranar 5 ga Oktoba, 1974, ƙungiyar IRA, mai yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, ta tayar da bama-bamai a mashaya biyu a garin Guildford, mutum biyar suka mutu. Jama'a suka harzuƙa, 'yan sanda suka matsu su kama wani. Aka kama wasu matasa huɗu, cikinsu har da Gerry Conlon ɗan Belfast, aka tilasta musu amsa laifin da ba su aikata ba, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 1975. Mahaifin Gerry, Giuseppe Conlon, mutum ne mai ciwon huhu wanda bai taɓa shiga harkar tayar da zaune tsaye ba. Da ya ji an kama ɗansa sai ya tsallako Ingila don ya nema masa lauya, ya sauka a gidan danginsu a Landan. Nan aka kama shi tare da mutanen gidan, aka ce suna harhaɗa bam, aka ɗaure shi shekara 12. Ya mutu a tsare cikin Janairun 1980. Sai a Oktoban 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin matasan huɗu, a 1991 kuma ta wanke Giuseppe da waɗanda aka ɗaure su tare, shekara 11 bayan an binne shi. Firayim Minista Tony Blair ya nemi gafarar iyalan a bainar jama'a a 2005.

Wannan labari ne Jim Sheridan ya mayar fim a 1993 da sunan In the Name of the Father, wato "Da Sunan Uba". Daniel Day-Lewis ne ya fito a matsayin Gerry, kuma shi da Postlethwaite sun san juna tun a Bristol. Tazarar shekara 11 ce kawai tsakaninsu, amma babu mai kallon da ya taɓa shakkar cewa wannan ne ya haifi wancan. Aikin da aka ɗora wa Postlethwaite yana da wuya ta wata fuska da ba kowa ke lura ba. Mugu yana da sauƙin kwaikwayo, domin yana da tsawa da zare ido. Mutumin kirki mai haƙuri, wanda ba ya ɗaga murya, shi ne ke gagarar 'yan wasa, saboda yakan fito kamar sakarai ko kuma kamar waliyyin da ba jini a jikinsa. Giuseppe na Postlethwaite ya kuɓuta daga duka biyun. Mutum ne mai tari, mai jan carbinsa da dare, mai yawan faɗa wa ɗansa gaskiyar da ɗan ba ya son ji, mai taurin kai a kan abu ɗaya tak: ba shi da laifi, kuma ta hanyar shari'a da rubuta wasiƙu zai nemi haƙƙinsa. A farkon fim ɗan yana raina uban, yana ganin haƙurinsa ragwanci ne. Mai kallo ma da farko haka yake gani. Sannu a hankali, ba tare da wani dogon jawabi ba, ma'auni ke juyawa, har a gane cewa a duk kurkukun babu mai ƙarfin zuciyar wannan tsoho mai numfashi da ƙyar. Daren da ya mutu, fursunoni suka riƙa cinna wa takardu wuta suna sakowa ta tagogi. Ya yi dukkan wannan da karin harshen Belfast, wanda ya yi nisa ƙwarai da nasa, kuma yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka fi yin tuntuɓe a kansu.

Ba a rasa abin suka a fim ɗin ba, kuma sukar tana da tushe. An nuna uba da ɗa a ɗaki ɗaya a kurkuku, alhali ba haka aka yi ba. An haɗe shari'u biyu aka mayar da su ɗaya. An kuma nuna lauyarsu, Gareth Peirce, wadda Emma Thompson ta fito a madadinta, tana jawabi a gaban kotun da irin matsayinta bai ba ta damar tsayawa ba. Fim ɗin da ke zargin hukuma da murɗe gaskiya, ya kamata shi ma ya yi hattara da gaskiya. Wannan magana ce da ba ta da amsa mai sauƙi. Duk da haka, akwai abin da ba a iya ƙwace wa Postlethwaite. Kafin 1993, Giuseppe Conlon suna ne a takardun kotu da shafukan jarida. Bayan fim ɗin, miliyoyin mutane a ƙasashe daban-daban sun san shi a matsayin uban da ya je ceton ɗansa bai dawo ba. An sa sunan Postlethwaite cikin masu takarar lambar Oscar ta mataimakin jarumi a 1994, yana da shekara 48. Tommy Lee Jones ne ya ɗauka.

Uba na uku yana cikin Brassed Off na 1996, wanda Mark Herman ya shirya. Labarin wani gari ne na masu haƙar kwal a Yorkshire, da ake shirin rufe mahaƙarsu. An sa wa garin suna Grimley, amma kowa ya san Grimethorpe ake nufi, garin da aka rufe mahaƙarsa a 1993, bayan gwamnatin 'yan mazan jiya ta ba da sanarwar rufe mahaƙu 31 a Oktoban 1992. A irin waɗannan garuruwa kowace mahaƙa tana da ƙungiyar 'yan badujala, ma'aikata ne da kansu ke busa bayan sun tashi aiki, kuma ita ce abin alfaharin gari. Postlethwaite ya fito a matsayin Danny, shugaban 'yan badujalar, tsohon mahaƙi da ƙurar kwal ta cinye masa huhu. Wannan uban ba azzalumi ba ne kamar na farko, ba kuma mai lura ba ne kamar na biyu. Makaho ne da ido biyu: kiɗa ya rufe masa ido har bai ga cewa bashi ya yi wa ɗansa katutu ba, matarsa ta kwashe yara ta tafi, yana gab da hallaka kansa. A ƙarshe ƙungiyar ta ci gasar ƙasa a babban zauren Royal Albert da ke Landan, Danny ya taso daga gadon asibiti ya hau dandamali, ya ce ba zai karɓi kofin ba. A jawabin da ya yi ya amsa cewa ya yi kuskure da ya fifita kiɗa a kan mutane, sannan ya juya kan gwamnatin da ta rusa sana'a da garuruwa. Jawabin siyasa a bakin ɗan wasa yakan zama wa'azi mai gundura. Wannan bai zama ba, saboda mai yinsa ya fara da tuhumar kansa, muryarsa na rawa, numfashi na yanke masa. Ba abin mamaki ba ne da ya iya shi haka, tun da irin mutanen da ya tashi a cikinsu ke nan.

Tsakanin waɗannan, da kuma bayansu, ayyuka suka yi ta zuwa. A talabijin ya fito a matsayin Saje Obadiah Hakeswill a jerin wasannin Sharpe a 1994, wani mugun soja mai zabura da fuska, mai magana da hularsa, wanda ya yi imani ba zai taɓa mutuwa ba saboda an taɓa rataye shi ya rayu. Marubucin littattafan, Bernard Cornwell, ya yarda cewa wasan ya burge shi har ya riƙa siffanta Hakeswill da kamannin Postlethwaite a littattafan da ya rubuta daga baya. A shekarar dai ya fito a Martin Chuzzlewit na BBC. A The Usual Suspects na 1995 ya zama Kobayashi, lauya mai sunan Japanawa da fuskar Bature da wani karin harshe mai kama da na mutanen Indiya. Wasu sun ga wannan karin a matsayin aibi, kuma da a yau ne da wuya a bar shi ya wuce ba gardama. Amma ƙarshen fim ɗin ya nuna cewa mai ba da labarin ƙarya yake shararawa, har sunan ma a gindin wani kofi ya karanto shi, don haka rashin daidaituwar tana da mazauni. A Romeo + Juliet na 1996, inda Baz Luhrmann ya kai wasan Shakespeare wani birni na zamani mai motoci da bindigogi, ya fito a matsayin limamin coci. Masu nazarin waƙa za su so su saurare shi a nan. Shakespeare ya rubuta yawancin wasan ne a kan kari mai ƙafa biyar a kowane ɗango, kowace ƙafa gaɓa marar nauyi ce sai mai nauyi ta biyo. Matasan 'yan wasan sun karanta baitocin kamar zance na yau da kullum, shi kuwa ya riƙe karin, kuma abin sha'awa maganarsa ce ta fi saurin shiga kunne.

A 1997 Steven Spielberg ya sa shi a fina-finai biyu: maharbi Roland Tembo a The Lost World: Jurassic Park, da kuma lauyan gwamnati a Amistad, labarin bayin Afirka da suka ƙwace jirgin da ya ɗauko su a 1839. Spielberg ya kira shi ɗan wasan da ya fi kowa a duniya. Da aka kai masa labari, sai ya ce shi a ganinsa abin da Spielberg ya faɗa shi ne, Pete yana ɗaukar kansa ɗan wasan da ya fi kowa a duniya. Amsa ce irin ta mutanen arewacin Ingila, waɗanda ba su yarda mutum ya karɓi yabo hannu biyu ba. Ya sami damar komawa Hollywood da zama, bai koma ba. Ya zauna da matarsa da 'ya'yansa biyu a karkarar Shropshire, kusa da iyakar Wales, kuma a wannan shekara ta 1997 da kasuwarsa ta fi ci, ya koma dandamali ya yi Macbeth.

Gaskiya ne ba duk fim ɗin da ya shiga ne na kirki ba. Mai ɗaukar hali ba ya zaɓe kamar tauraro, aikin mako biyu ne ko uku a karɓi kuɗi a wuce, kuma akwai fina-finan da fitowarsa ta minti biyar ita ce kawai abin tunawa a cikinsu. Amma in ya sami wanda ya dace da ra'ayinsa yakan ba da ƙarfinsa. A The Constant Gardener na 2005 ya fito a matsayin likitan da ya ƙirƙiro wani magani da aka gwada a kan talakawan Kenya, ya gudu ya ɓuya a sansanin agaji a Sudan, nadama na cinsa. Mutane da yawa sukan danganta wannan labari da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau. A 2003 ya shiga zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi. A 2009 ya fito a The Age of Stupid, a matsayin wani tsoho shi kaɗai a shekarar 2055, yana duba tsofaffin hotunan bidiyo, har da na yankin Neja Delta, yana tambayar dalilin da ya sa mutane ba su tsayar da ɗumamar yanayi ba tun da sauran dama. A wajen bikin fara nuna fim ɗin, a gaban ministan makamashi Ed Miliband, ya yi alkawarin mayar da lambar girmamawa ta OBE da aka ba shi a 2004 idan gwamnati ta amince a gina sabuwar tashar wutar lantarki mai aiki da kwal a Kingsnorth. Akwai abin lura a nan, mutumin da ya yi kukan rufe mahaƙun kwal a 1996 shi ne ke yaƙi da ƙona kwal a 2009. Wanda ya kalli Brassed Off da kyau zai ga cewa mahaƙan ne abin kukan Danny, kwal ɗin kuwa shi ne ya cinye masa huhu. Ba a gina tashar ba, lambar kuma ta zauna a hannunsa.

Burinsa na ƙarshe a dandamali shi ne King Lear, wasan Shakespeare a kan tsohon sarkin da ya raba mulkinsa tsakanin 'ya'yansa mata, ya kori wadda ta fi ƙaunarsa. Ya yi shi a 2008 a gidan wasa na Everyman, inda ya fara, shekarar da Liverpool ke riƙe da kambin birnin al'adu na Turai. Masu sharhi sun rabu a kan yadda darakta Rupert Goold ya tsara wasan, wasu ma sun yi masa kaca-kaca, aka yi gyare-gyare kafin a kai shi Landan a farkon 2009.

A wannan shekara ta 2009 aka gano yana da ciwon daji a gaɓar nan ta cikin ciki mai samar da sinadarin insulin. Ya taɓa fama da wani ciwon dajin a 1990 ya warke, ga shi kuma mashayin taba ne tun yana yaro. Bai daina aiki ba. A The Town na 2010, wanda Ben Affleck ya shirya, ya fito a matsayin mai sayar da furanni a Boston wanda a ɓoye shi ne uban 'yan fashi. Yana tsaye yana kankare ƙayar fure da wuƙa, yana yi wa mutum barazana da murya ƙasa-ƙasa, ga rama ta bayyana a wuyansa da hannuwansa. A Inception na Christopher Nolan, a shekarar dai, ya sake zama uba, wannan karon attajiri a kan gadon mutuwa, da 'yan kalmomi kaɗan a bakinsa, ɗansa na tsaye yana jiran ya ji ko uban ya taɓa yarda da shi. Duk fitowar ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Ya rasu ranar 2 ga Janairu, 2011, a asibitin Shrewsbury, yana da shekara 64. Makonni kaɗan bayan haka aka sa sunansa cikin masu takarar lambar BAFTA saboda mai sayar da furannin nan. Littafin tarihin rayuwarsa, A Spectacle of Dust, wanda yake rubutawa lokacin jinya, ya fito a cikin shekarar. Ɗansa Billy ya gaji sana'ar, kuma shi ma da sunan Postlethwaite yake fitowa, da haruffansa 13 cif.